Yatsu Huɗu Daga Ƙasa

Gab da magariba ta iso Kwangila,
ja wur, tana jan ciki,
tayar baya ta hagu ta yi zaman tahiya.
Nazifi ya fito yana cewa, "Baba, a bi ta a hankali,
shekaranjiya aka ɗaura mata siket ɗin nan."

Na zura hannu tsakaninta da ƙasa.
Yatsu huɗu.
Jak ɗina kuwa ko yana kwance ya kai taki guda.

Ilu ya tura shi, ya ƙi shiga.
Ya karkata shi, ya ƙi.
Roba ta ce ƙas,
mai mota ya dafe ƙirji kamar haƙarƙarinsa aka taɓa.

Na ce ɗauko katakon nan biyu
da muke zama a kai mu ci rogo.
Siriri a gaba, mai kauri a bayansa.
Hau. A'a, ban ce ka ba ta wuta ba.
Yi kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci.
Ta taka na farko, ta taka na biyu,
ta ari tsayin da aka biya kuɗi aka raba ta da shi.

Dutse a gaban tayar gaba, dutse a bayanta.
Noti biyar, a sassauta su tun tana ƙasa.

Na shimfiɗa kwali, na kai kunci ƙasa.
Ido ba shi da aiki a nan, sai yatsa.
Siket akwai santsi, akwai daɗin shafa,
amma ɗora masa nauyi ka ji yadda ƙwarya ke fashewa.
Abin da nake lalube yana can ciki,
ƙarfe mai tsatsa, mai 'yar tsaga biyu,
wurin da take iya ɗaukar nauyin kanta.

Aka ɗauke wuta.
Na ce haska min.
Ya durƙusa da farar shaddarsa cikin baƙin mai,
bai ko duba gwiwarsa ba.

Duk Zariya ta sa hannu a cikin motar nan.
Ga kartar kunyar kwalta ta hanyar Samaru,
ga naushin ramin Tudun Wada,
ga inda layin dogo ya yakushe ta a Sabon Gari.
Sai can jikin salansa
na ga wayar tagulla, murɗi uku,
an lanƙwasa wutsiyarta baya.
Babu mai irin wannan ɗauri sai ni.

Ashe motar Malam Lawandi ce, na Kongo.
Ruwan toka ce a lokacin, tsaye take kamar taguwa,
buhu huɗu na masara take kwasowa daga Giwa
da wani ɗan yaro a baya yana shan rake,
yana tofar da tuka ta taga.

Na ce, "Ya Malam?"
Hasken wayar ya ɗan girgiza.
"Bana shekara biyu."

Na ɗora guntun tsohuwar taya a kan jak
don kada ƙarfe ya ciji ƙarfe.
Ilu ya kama hannu.
Ɗaya. Saurara.
Biyu. Saurara.
Tana tashi tana nishi, ba ta ce ƙas ba.

Ƙusa ce, inci uku.

Da muka gama muka sauke ta
kamar yadda ake kwantar da marar lafiya.
Na ce Ilu ya sa masa katakon a but,
hanya na da tsawo, ba kowane mai faci ke da haƙuri ba.

Ya tafi, yana haye kunyar titi a karkace,
taya ɗaya, sannan ɗaya,
'yan Keke Napep na ta danna masa hon.

Ilu ya ce, "To gobe a ina za mu zauna mu ci rogo?"
Na ce a ƙasa mana.
Dama tsakaninmu da ita yatsu nawa ne?